Rigakafin ciwon damuwa a lakkwal

Ƴan uwa, a wannan wata za mu yi magana kan cutar da ba ta da zazzaɓi, ba ta da ƙurji: ciwon damuwa. Yaro ya daina wasa da abokai, barci ya ƙi, tuwo ya ƙi, karatu ya ja baya. In ya kai sati 2 a haka, kada a ce lalaci ne, kada a ɗauko bulala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larura ta zuci.

Ana iya tare ta tun a lakkwal. A ƙasar Kenya akwai shiri mai suna Shamiri. Samari da ƴan mata da suka gama sakandare suna zama da ɗalibai awa 1 kowane sati, har sati 4. Suna koya musu cewa basira tana ƙaruwa da ƙoƙari, kamar gona da taki. Suna sa su rubuta wasiƙar godiya ga wanda ya kyauta musu. A 2021 aka bayyana sakamakon gwaji kan ɗalibai 413: damuwa ta ragu, kuma bayan wata 7 sauƙin yana nan.

Wannan aiki ba ya son kuɗi da yawa, kunne yake so. Mushe, ka lura da yaron da ya yi shiru. Iyaye, ku je lakkwal ku tambaya. In yaro ya fara zancen mutuwa, a kai shi likita ranar nan, kada a kwana.

Sai wata mai zuwa.