Karya farashi a kasuwar katin Pokémon: Laifin manhaja ne ko na mai kaya?

Duk mai kallon bidiyon buɗe fakitin katin Pokémon a YouTube ko TikTok ya san abin ya wuce wasan yara. A shekarar 1996 aka fara buga waɗannan katuna a Japan, yau kuma sun zama haja mai kasuwa a duniya. A 2021 fitaccen ɗan YouTube Logan Paul ya sayi kati guda mai suna Pikachu Illustrator a kan dala miliyan 5.275. Sai dai irin wannan ciniki jefi-jefi ake yin sa. Mafi yawan katunan da ake sayarwa kullum na dala ɗaya ne, ko biyu, ko biyar, kuma a kansu masu sayarwa suke ta kuka da abu ɗaya, wato karya farashi.

Tsarin shafukan sayarwar ne ya haifar da wannan kuka. A TCGplayer na Amurka, wanda kamfanin eBay ya saya a 2022 a kan kusan dala miliyan 295, da kuma Cardmarket na Turai, kowane kati yana da shafinsa guda. A ƙarƙashinsa ake jero masu sayarwa, kuma ido yakan fara sauka ne a kan mafi araha. Tun da kati iri ɗaya ne, mai saye ba shi da dalilin gangarawa ƙasa. Idan wani ya sa dala 4.99, na gaba ya sa 4.98, shi ke nan ya haye sama. Santi ɗaya kacal ya isa ya kwashe ciniki.

Masu sayarwa da yawa suna kallon mai yin haka a matsayin wanda ya ɓata kasuwa. Wannan zargi ba shi da ƙarfi. Mai kaya yana da ikon sayar da kayansa yadda ya ga dama, kuma mai saye ne ke cin moriyar arahar. Sau da yawa ma mai karya farashin shi ne ya fi fahimtar kasuwa. Lokacin da sabon jerin katuna ya fito, farashi yakan fara da tsada saboda kaɗan ne a hannun mutane. Da an ci gaba da buɗe fakiti, katin ya yawaita, farashin mafi yawansu sai ya sauko. Wanda ya rage kuɗi ya sayar a makon farko ya tsira. Wanda ya riƙe nasa yana jiran tsohon farashi, shi ake bari da kaya. Idan kuwa masu sayarwa suka haɗa baki suka tsayar da farashi ɗaya, a Amurka wannan laifi ne tun daga dokar Sherman ta 1890.

Matsalar tana farawa ne lokacin da aka miƙa wa manhaja aikin sa farashi ba tare da an yi mata iyaka ba. Mai katuna dubu ashirin ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya da hannu ba, don haka manyan masu sayarwa suke amfani da manhajar da ke duba farashin wasu tana gyara nasu. Umarnin yakan kasance mai sauƙi: duba mafi araha, ka rage santi ɗaya. Idan mutum biyu suka bai wa manhajojinsu wannan umarni, kowace za ta yi ta bin ɗayar ƙasa har sai riba ta ƙare, alhali babu ɗan Adam ɗin da ya yanke shawarar hakan.

An taɓa ganin irin wannan makanta a Amazon a 2011, sai dai a lokacin sama farashin ya yi. Wasu masu sayar da littattafai biyu sun bar manhaja tana sa wa wani littafin kimiyya mai suna The Making of a Fly farashi. Ɗaya tana sa nata ƙasa kaɗan da na abokin gasa, ɗayar kuma tana ninka na abokin gasar da kusan 1.27. Kullum sai kuɗin ya ƙaru, har littafin ya kai sama da dala miliyan 23. Manhajojin ba su yi kuskure ba, abin da aka umarce su suka yi. Waɗanda suka rubuta su ne suka manta da sa iyaka.

Iyakar kuwa daga lissafi take fitowa, kuma nan ne ƙananan masu sayarwa suke faɗuwa. A ɗauki misalin wanda ya sayar da kati a kan dala 2 a eBay, ya kuma ce aikawa kyauta ce. Shafin zai cire kusan kashi 13 cikin 100, wato santi 26, da wani tsayayyen caji na santi 30. Kuɗin gidan waya a Amurka ya haura santi 70. Ga ambulan, ga robar da ake saka katin don kada ya lanƙwashe. Abin da zai rage bai wuce santi 50 zuwa 60 ba, tun kafin a cire kuɗin da aka sayi katin. Idan wannan mutum ya bi wani ya sauko zuwa dala 1.50, aikin banza yake yi. Ba wanda ya tilasta masa, shi ne bai zauna ya yi lissafi ba.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar farashi mafi araha a matsayin darajar kati. Farashin da aka rubuta fata ne na mai kaya, wanda aka biya shi ne ciniki. Shi ya sa TCGplayer yake nuna abin da ya kira Market Price, wanda ake lissafawa daga cinikin da aka yi kwanan nan, eBay kuma yake da wurin duba kayan da aka riga aka sayar. Mafi araha yana iya zama kati mai lanƙwasa, ko na sabon mai sayarwa da ba a san shi ba, ko ma jabu. Kuma idan kati uku ne kawai a hannun mai arahar, da sun ƙare farashi zai koma inda yake. Mai haƙuri na kwana biyu yakan sayar da nasa ba tare da ya rage ko sisi ba.

Akwai ƙorafi ɗaya mai nauyi: babban shago yana iya rayuwa da ribar santi biyar a kan kowane kati saboda yana sayar da dubbai, ƙarami kuwa ba zai iya ba. Haka ne, kuma shi ya sa bai kamata ƙarami ya shiga wannan tsere ba. Abin da yake da shi shi ne hoto mai kyau na ainihin katin, faɗin gaskiya game da lafiyarsa, aikawa da wuri, da haɗa katuna masu araha a sayar da su tare don cajin santi 30 ya faɗa sau ɗaya. Sannan babu mai sayarwar da ya isa ya riƙe farashi idan kamfani ya ƙara bugu. A watan Mayun 2021 ƙarancin kati ya sa shagunan Target suka dakatar da sayar da su na wani lokaci saboda rigimar masu saye. A shekarar kasuwancin da ta biyo baya, kamfanin Pokémon ya buga katuna sama da biliyan 9.

Matashin da ke sayar da data a WhatsApp, ko waya a Jiji ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya san wannan yanayi: haja iri ɗaya, masu saye suna kwatanta farashi a waya cikin minti ɗaya. Darasin bai canza ba. Kafin mutum ya duba abin da maƙwabcinsa ya sa, ya fara rubuta nasa kuɗin saye, da caji, da sufuri, ya san adadin da ba zai sauka ƙasa da shi ba. Mai rubuta manhajar gyara farashi kuma ya tabbata ta ƙi yin aiki har sai mai kaya ya shigar da wannan adadi.