Wa Ya Ba Mai Lasifika Izinin Hana Shan Maganin Hawan Jini?

Duk mai kunna rediyo da dare a Sokode, ko mai ratsa tashar mota a Dapaong, ya san muryar nan. Mutum ne da kwalabensa, yana jero cututtukan da ruwan kwalbar ke kashewa: basir, sanyi, shawara, ciwon suga, sannan ya rufe da shanyewar ɓarin jiki. Wai kwalba uku kawai, zogi ya tafi, hannu ya miƙe. A ƙarshe sai ya ƙara sharaɗin da ya sa na ɗauki alƙalami: a ajiye ƙwayoyin asibiti tukuna, don kada su karya maganin. Wannan sharaɗi kisa ne a hankali, kuma gidajen rediyon da ke sayar masa da lokaci suna da kamasho a cikin alhakin.

Kafin wani ya ce ɗan boko ya zo zagin gadon iyaye, a tsaya a ji. Didawure unguwa ce da fatake da malamai suka kafa, kuma wanzami da mai ɗori da ungozoma sun yi wa jama'arta hidima tun kafin a aza tubalin asibitin yanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ware ranar 31 ga Agusta don maganin gargajiyar Afirka. Rigimata da wanda ya mai da zogin bayin Allah jari ce, ko da ganye ya zo, ko da injin duba jiki na ƙarya, ko da kwalin ƙarin abinci mai rubutun Turanci.

Abin da ya ba shi kasuwa shi ne, ciwon da ke biyo bayan shanyewar ɓarin jiki gaskiya ne, kuma iri-iri ne. Akwai ciwon kafaɗa: naman da ke riƙe gaɓar ya saki, nauyin hannu yana janta ƙasa. Akwai ƙagewar nama, inda yatsu ke dunƙulewa, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa. Akwai kuma na uku, wanda ya fi rikita iyali. Makonni ko watanni bayan faɗuwar, sai majinyaci ya ce ɓarin jikinsa na ci da wuta, ko yana jin sanyi mai suka, har taɓawar riga ko iskar fanka na sa shi ihu. A duba fata, ba kumburi, ba rauni. Nan take sai a ce iska ce ko jifa. Alhali tun 1906 wasu likitocin Faransa biyu, Dejerine da Roussy, suka bayyana wannan ciwo. Tushensa na cikin ƙwaƙwalwa, a hanyar da saƙon ji ke bi, wadda ta lalace take kai rahoton zafi ba tare da an taɓa jiki ba. Kusan mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki ke gamuwa da shi.

To, wace kwalba ce za ta warkar da ciwo uku masu tushe uku? Na kafaɗa yana son a tallafe hannu da matashi, a daina jan majinyaci ta hannun da ya shanye idan za a tashe shi. Ƙagewa tana son miƙe gaɓoɓi kullum, a hankali, yadda masu gashin ƙashi na asibiti, waɗanda muke ce wa kine, suke koyarwa. Na ƙwaƙwalwa kuwa ko farasitamol bai cika jinsa ba. Likita kan gwada magunguna irin su amitriptyline ko gabapentin, ya fara da kaɗan yana ƙarawa, kuma sau da yawa sauƙi ake samu, ciwon bai gushe gaba ɗaya ba. Likitan kirki zai faɗa maka haka. Mai lasifika ba zai taɓa faɗa ba, don gaskiya ba ta sayar da kwalba.

Akwai abubuwan da ake haɗawa da maganin asibiti su taimaka, kuma ba ni da ja a kansu. Tausa mai laushi da man kaɗanya tana sassauta nama, tana kuma nuna wa majinyaci ba a yar da shi ba. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani suna kwantar da zuciya, kuma wanda ya yi barci ya fi wanda ya kwana cikin fargaba jure zogi. Akwai dabarar madubi: a ajiye madubi tsakanin hannaye biyu, majinyaci ya riƙa motsa mai lafiyar yana kallon hotonsa kamar shanyayyen ne ke motsi. Binciken Cochrane na 2018 ya nuna tana taimaka wa motsin hannu, tana iya rage wani nau'in ciwon, kuma madubin ɗaki ya isa. Allurar Sinawa ma wasu na jin daɗinta, sai dai hujjar da aka tara a kanta ba ta yi ƙarfin da za a yi wa mutum alkawari ba. Duk waɗannan ba wanda ya ce a bar ƙwayar hawan jini.

Sauran kuwa, a yi hattara. Mai shan asfirin don hana jini daskarewa, idan aka yi masa ƙaho ko tsaga, jinin na iya ƙin tsayawa, idan kuma yana da ciwon suga raunin ya ƙi warkewa. Gashi da ruwan zafi ko tsumma mai zafi a gaɓar da ba ta ji da kyau yakan ƙone fata majinyaci bai sani ba. Mai ɗorin da ya fizgi kafaɗar da ta saki ƙara ɓata ta yake yi. Jiƙon da aka zuba wa kanwa yana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke ɗaga jini. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, wa ya san ko an niƙa ƙwayoyin kashe zafi a ciki, irin masu cin ƙoda? Tiramol na bakin titi kuma ya riga ya nuna mana abin da yake yi wa matasanmu, balle tsoho mai rauni a ƙwaƙwalwa.

Babban haɗarin dai shi ne barin magani. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a yankinmu. Wanda ya faɗi sau ɗaya yana cikin haɗarin sake faɗuwa, kuma ƙwayar nan da yake haɗiya kowace safiya ita ce katangarsa. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai bar magani wata biyu yana jin garau, yana yaba kwalba, sai a wayi gari baki ya karkace. A lokacin mai lasifika ya kai Cinkase da motarsa, kuma za a ce kwana ne ya ƙare.

Na san amsar da za a ba ni: talauci. Daga Sokode zuwa Lome ya fi kilomita 300, daga Dapaong ya kai ninki biyu, likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, zuwa wurin kine sau da yawa yana cin kuɗin mota da na aiki. Wani ma'aikacin asibitin ma ba ya sauraro, ya ce wa tsohuwa ai ta warke, ciwon a ranta yake. Duk gaskiya ne, kuma wanda aka wulaƙanta a asibiti dole ya nemi inda za a kira shi Baba a ba shi kujera. Amma a yi lissafi. Kuɗin kwalba uku da na zuwa wurin mai duba da na dabbar da aka ce a yanka, wata nawa za su saya na maganin hawan jini? Talaucin mutum dalili ne na a tausaya masa. Wanda ya mai da shi dalilin tatsarsa, ɓarawo ne da rana tsaka.

Mu ma'aikatan rediyo a kanmu maganar ta fi nauyi. Tsohon da ke kwance a ɗaki bai karanta jarida, murya yake ji, kuma abin da ya fito daga akwatin rediyo a wurinsa tabbas ne. Cewa talla ce aka biya ba ta wanke kowa, domin mai sauraro bai san inda shiri ya ƙare talla ta fara ba. Kowane gidan rediyo ya kafa ƙa'ida: ba a sa muryar wanda ya yi alkawarin warkar da shanyewar ɓarin jiki, ko ya ce a bar maganin likita, ko nawa ya biya. Hukumar HAAC mai sa ido kan kafafen yaɗa labarai ta riƙa sauraron shirye-shiryen Hausa da Kotokoli da Moba na dare kamar yadda take sauraron na Faransanci. Masu maganin gargajiya na gaskiya su fitar da bara-gurbin cikinsu da kansu. Limamanmu su faɗa a kan mumbari cewa neman magani wurin masaninsa ba ya rage tawakkali.

Kai kuma mai jinya, duk wanda ya kawo maka magani, yi masa tambaya uku. Me ke cikinsa? Zan iya nuna wa likita? Zan ci gaba da ba shi ƙwayoyinsa? Idan ya yi inda-inda a ɗaya daga ciki, raka shi bakin zaure, ka koma ka auna jinin majinyacinka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.