Madarumfa: A gyara gindin bango kafin a rufe fuskarsa

Duk damina, da zarar Gulbin Maradi ya kawo ruwa daga ƙasar Katsina, tabkin Madarumfa ya batse, tsofaffin gidajen laka kan fara shan danshi daga ƙasa. Bayan ambaliyar 2024 da ta rusa ɗimbin gidaje a jihar Maradi, gwamnati ta rage farashin siminti, ƴan ci-rani kuma na aiko da kuɗi a gyara gidajen iyaye.

Galibi kuɗin na ƙarewa ne a filastar siminti. Sai dai siminti da laka ba sa jituwa: filasta na kulle danshi a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana ya rufta da mutane suna barci.

Allunan siminti masu haɗin zaren itace, da ake lulluɓe gidaje da su a Amurka, sun fi dacewa. Gara ba ta cinsu, ba sa kama wuta, kuma idan aka kafa su bisa katako da ƴar tazara, iska na busar da bango. Amma a guji tsohon samfuri mai asbestos, wanda ƙurarsa ke haddasa kansa.

Duk da haka, allo ba ya tare ambaliya. A fara da gindin bango na dutse ko bulo, indararo mai kai ruwa nesa, da magudana. Ya kamata hukumomin Madarumfa su horar da magina, su hana gini kan hanyar ruwa. Mai turo kuɗi kuwa ya nemi hoton gindin bango kafin na fenti.