Sharhi: Idan Masai Ya Yi Amai Cikin Gida, Aikin Ya Wuce Bokiti da Tsumma

Da asubahin ranar Asabar, 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2019, kwana biyu bayan bikin godiya da Amurkawa kan yi kowace shekara, mazauna unguwar South Ozone Park da ke gundumar Queens a birnin New York, daf da filin jirgin sama na Kennedy, suka farka cikin wani irin ɗoyi da ba su saba ji ba. Ko da suka sauka ɗakunansu na ƙarƙashin ƙasa, sai suka tarar da ruwan masai yana ɓulɓulowa ta bakin shadda da makwararar wurin wanka, ya malale ko'ina, a wasu gidajen ma har ya wuce gwiwa. Gidaje fiye da 100 abin ya shafa.

Da farko jami'an birnin sun ɗora laifin a kan maiƙon girkin biki, wanda suka ce mai yiwuwa shi mutane suka riƙa zubawa a magudana har ya daskare ya toshe ta. Bayan 'yan makonni, da aka tona ƙasa, sai ta bayyana cewa wani babban bututun hukuma mai faɗin inci 42 ne ya rufta. Hukumar birnin ta amsa laifinta. Duk da haka, fiye da shekara guda bayan aukuwar abin, jaridun New York na ba da labarin waɗansu masu gidajen da ke ta faman neman diyyar da za ta ishe su gyara.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan Bahaushe da bututun Queens? Ruwansa kuwa a nan yake. 'Yan uwanmu da suka fito daga zangunan Ghana, da Nijar, da Nijeriya, suna nan da yawa a Bronx da Harlem, kuma baƙo mai ƙaramin ƙarfi a manyan biranen Turai da Amurka sau da yawa ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake samu, saboda kuɗin hayarsa ya fi sauƙi. Ruwa kuwa, kowa ya sani, gangare yake bi. Idan magudana ta toshe, ƙazantar dukkan benen, wani lokaci ma ta dukkan layin, a ɗakin mutumin ƙasa take sauka. Ra'ayina shi ne, idan haka ta faru, aikin na ƙwararru ne masu kayan aiki, kuma wanda ya jawo ɓarnar shi ya kamata ya biya. Abin da ke hana mutanenmu neman wannan haƙƙi, yawanci, kunya ce da tsoro.

Mun san abin da akan yi. Mai ɗaki zai ji nauyin a ce kashi ya cika masa gida, sai ya kira aminai biyu ko uku a yi gayya cikin dare. A kwashe ruwa da bokiti, a goge da tsumma, a zuba bilic, a kunna fanka, uwargida ta sa turaren wuta. Da safe wari ya ragu, a shimfiɗa kafet a rana, kwana biyu a mayar da shi, yara su ci gaba da rarrafe a kai. Zumuncin abin yabo ne, amma aikin bai yi ba. Ruwan masai na birni ya haɗa bayan gidan dubban mutane, masu lafiya da marasa lafiya, kuma yana iya ɗaukar ƙwayoyin cututtukan gudawa da amai, da na ciwon hanta mai sa shawara, da ƙwan tsutsar ciki. Ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jin su, turare kuma ba ya kashe su. Shi kansa bilic ɗin, idan aka zuba shi a kan datti kafin a wanke wurin da sabulu, ƙarfinsa kan ƙare a kan dattin. Idan kuma aka gauraya shi da wani ruwan wanki mai sinadarin amoniya, yakan fitar da iska mai guba, wadda a ɗakin da ba taga tana iya kayar da mutum.

Akwai kuma bambancin gini, wanda baƙo kan manta da shi. Wanda ya tashi a gidan bulo da daɓen siminti ya saba da cewa ruwa da tsintsiya da zafin rana sun isa. Bangon cikin gidajen Amurka kuwa katako ne da aka lulluɓe da faifan alli mai takarda a bayansa, tsakaninsu kuma an cusa wani abu kamar auduga domin tare sanyi. Duk waɗannan shan ruwa suke yi kamar soso, ruwan ya riƙa hawa a ciki yana wuce inda ido ya ga alamarsa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa abin da ya jiƙe bai bushe ba cikin sa'o'i 24 zuwa 48, funfuna na iya kama shi. Funfunar da ke bayan bango ita ce kan tayar wa yara da tsofaffi tari da ciwon asma watanni bayan kowa ya manta da ambaliyar.

To, me ƙwararrun suke yi da ya bambanta? Masu wannan sana'a a Amurka suna bin wani ƙa'idojin aiki da ake kira S500, na wata cibiya mai suna IICRC, wanda ya kasa ruwan ɓarna gida uku: ruwa mai tsabta kamar na fashewar famfo, da ruwa mai ɗan datti kamar na injin wanki, sai na uku wanda suke kira baƙin ruwa. Duk ruwan da ya dawo daga magudanar masai a kashi na uku yake, ko da a ido ya yi garai-garai. Kafin su taka shi sai an tabbatar an kashe wutar lantarki, domin ruwa a ɗakin da ke da soket da tukunyar ɗumama gida tarko ne. Sukan sa rigar kariya, da takalmin roba, da safar hannu, da takunkumi mai tace iska. Sukan killace wurin da leda domin kada ƙazantar ta bi ƙafa ko iska ta hau sauran gidan. Sannan su tsotse ruwan da inji, su fitar da duk abin da ya sha shi, su yanke faifan bango ƙafa ɗaya ko biyu sama da inda ruwan ya tsaya. Abin da ya rage mai tauri, kamar siminti da tayil da ƙarfe, a wanke shi da sabulu tukuna, kana a bi shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan sai injunan busarwa da masu zuƙe laima daga iska su yi kwanaki suna aiki, ana auna katako da na'ura, ba a mayar da bango sai awon ya nuna ya bushe har ciki.

Wurin da rigima kan tashi tsakanin mai gida da ma'aikatan shi ne zubar da kaya. Katifa, kujerun kushin, kafet, akwatin kwali, littattafai, duk abin da ruwa ya ratsa ba a iya wanke cikinsa, hukuncinsa juji. Wannan da ciwo. Ga mutumin da ya yi shekaru yana tuƙin tasi ko gadi kafin ya tara su, ga kuma dardumar salla da littattafan addini da ya zo da su daga gida. Wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san hukuncin gusar da najasa daga jiki da tufa da wurin salla, kuma tufar da za ta shiga ruwan zafi a wanke ta sarai ana iya ceton ta. Amma katifa mai kaurin taƙi guda, babu wankin da zai kai tsakiyarta. Littattafai masu alfarma kuwa, malamai sun san hanyar da ake kawar da su cikin girmamawa. A tambaye su, kada a shanya a mayar kan kanta.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: aikin da tsada. Kamfanonin nan dubban daloli suke karɓa, kuma inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta biyan ɓarnar dawowar masai sai in mutum ya sayi ƙarin kariya ta musamman tun da wuri. Haka kuma a cikin masu sana'ar akwai macuta, waɗanda kan bayyana da zarar an yi ambaliya, su fesa ruwa mai ƙamshi, su karɓi kuɗi su ɓace. Ban ce kowane ɗigo sai an kira kamfani ba. Idan shadda ta ɗan tumbatsa a kan tayil, mai lafiya da safar hannu da sabulu da bilic na iya gamawa da ita. Amma da zarar ruwan ya taɓa bango ko kafet, ko ya kwana, ko kuma akwai jariri ko mai ciki ko tsoho a gidan, arahar gayya tsada ce, a asibiti za a biya ta. Maganin macuta kuwa shi ne a nemi shaidar ƙwarewa, a sa su rubuta abin da za su yi da farashinsa kafin su fara, a kuma nemi ganin awon bushewa kafin a sallame su.

Tsadar nan ita ta sa tambayar wa zai biya ta zama ginshiƙin maganar. Darasin South Ozone Park shi ne, kada mutum ya yi saurin karɓar laifin da aka ɗora masa kafin a tona a gani. Idan bututun hukuma ne ya lalace, hukuma ke da alhaki. A New York wanda ke neman diyya daga birnin kwana 90 kacal doka ta ba shi ya shigar da takardar ƙorafi a ofishin Kwanturola. Idan bututun cikin gida ne, dokar jihar ta wajabta wa mai gidan haya ya riƙe gidansa a halin da ɗan Adam zai iya zama a ciki. Ko ta wane hali, wanda ya yi gayya cikin dare ya zubar da kaya ba tare da hoto ba, ya wanke hujjarsa tare da dattin. A ɗauki hoto, a rubuta ranar da lokacin, a sanar da mai gida a rubuce, a adana rasit.

Tsoron ma yana da tushe. Da yawa daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a New York ba su da izinin haya, kuma ɗan haya na fargabar idan ya kai ƙara, jami'ai su rufe ɗakin ya rasa wurin kwana. Sai dai shirun ma yana da farashi. A ranar 1 ga watan Satumba na 2021, lokacin da ragowar guguwar Ida ta zubar da ruwan sama fiye da inci 3 cikin sa'a guda a birnin, magudanun suka kasa ɗauka, domin kusan kashi 60 cikin 100 nasu ruwan sama da na masai hanya ɗaya suke bi. Mutum 11 ne suka mutu a irin waɗannan ɗakuna, akasarinsu baƙi 'yan ci-rani. Wanda ke cikin wannan hali ya nemi lauyoyin da ke taimakon 'yan haya kyauta ya ji matsayinsa, maimakon ya haɗiye abin. Barin kashi a ciki, in ji Hausawa, ba ya maganin yunwa.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jami'an New York sun yi kuskure a Queens, sai dai maiƙo na toshe magudana da gaske. A Landan, a shekarar 2017, an gano wani dunƙulen kitse da ƙyallayen goge jarirai a ƙarƙashin unguwar Whitechapel, mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250. Girkinmu kuwa ba ya wasa da manja da man gyaɗa. Ragowar mai a bar shi ya huce a zuba a gwangwani a kai shara, ƙyallen goge yaro kuma kada ya shiga shadda, ko da an rubuta a jikin ledarsa cewa ana iya yin haka. Wanda Allah Ya hore wa gida nasa na kansa, ya sa a ɗaura masa murfin nan da ke barin ruwa ya fita ya hana shi dawowa.

Daga ƙarshe, kira ga ƙungiyoyinmu na 'yan ƙasa da kwamitocin masallatai a ƙasashen waje. Mun iya tara kuɗi cikin kwana ɗaya domin jana'iza ko mayar da gawa gida, kuma Allah Ya saka. Ya kamata irin wannan asusu ya riƙa tunawa da rayayye wanda masai ya kora daga ɗakinsa: a sama masa wurin kwana na mako guda, a ranta masa kuɗin ƙwararru kafin diyya ta fito, a haɗa shi da mai jin Turanci da zai cika masa takardu. Samarinmu da ke neman aikin yi su ma su sani cewa wannan sana'a ce da ake koya a ba da takardar shaida, kuma duk wanda aka ɗauka aikin kwasar ƙazanta ba tare da kayan kariya ba, an zalunce shi. Wanda ruwan masai ya shiga ɗakinsa bai yi abin kunya ba, jarrabawa ce ta same shi, kuma taimakon da ya fi buƙata daga maƙwabci shi ne a fitar da yaransa daga ɗakin a kira masu aikin.