Wane Birni Ne Ya Fi Girma A Nijar?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a ƙasarmu. Ana yin ta a tashar mota, ana yin ta a rumfar kasuwa, har ƴan makaranta suna yin ta lokacin hutu. Wannan ya ce Yamai ta fi kowane gari. Wancan ya ce ai Maraɗi ce uwar kuɗi. Na uku ya ce kowa ya san Damagaram ta girme su. Kowa yana yabon garin da ya sani, ko garin da wansa ya tafi ci-rani.

To, yara, kafin a ce wannan buhu ya fi wancan, sai an kawo mudu an auna. Mu za mu auna biranenmu da mudu biyu. Na farko mudun dukiya, wato abin da gari yake samarwa da abin da yake sayarwa. Na biyu mudun al'ada, wato tarihin gari, da sana'o'insa na gado, da iliminsa, da bukukuwansa.

Mu fara da Yamai. A ƙidayar jama'a ta 2012 an sami mutum wajen miliyan ɗaya a cikinta. Maraɗi da Damagaram kowace ta wuce 200,000, Tawa da Agadas kuwa kowace ta wuce 100,000. In da yawan mutane ne kaɗai ma'auni, da gardama ta ƙare. A Yamai fadar shugaban ƙasa take, da ofisoshin ministoci, da manyan bankuna, da babban filin jirgin sama. Can aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a 1959, can aka gama gadar Kennedy bisa kogin Kwara a 1970, can kuma aka kafa jami'a ta farko. Amma Yamai yarinya ce. Wajen shekara ta 1900 ƙananan ƙauyuka ne kawai a bakin kogi. Sai a 1926 Turawan Faransa suka ɗauko hedkwatar mulkinsu daga Damagaram suka kawo ta nan. Sarauta ce ta jawo mata jama'a, jama'a suka jawo kasuwa.

Damagaram ita ce aka ƙwace wa wannan matsayi, kuma ƙarancin ruwan sha yana cikin dalilan da aka bayar. Duk da haka ba a ƙwace mata tarihinta ba. Tun zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, tana da ganuwa da bindigogi, ayarin raƙuma kuma suna sauka cikinta a kan hanyarsu tsakanin Kano da Tarabulus. Har gobe fadar sarki tana nan cikin unguwar Birni, ga gidaje masu zanen ado a jikin bango, ga dukawa masu aikin fata. A 2011 aka buɗe matatar man fetur a arewacin garin, wadda ake turo wa ɗanyen mai ta bututu daga Agadem, cikin jihar Difa. Kun ga tsohuwa ta sami sabuwar sana'a.

Maraɗi kuwa Katsinawa ne suka raya ta, waɗanda suka yiwo arewa bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A 1945 ambaliyar gulbi ta ci tsohon gari, sai aka hau tudu aka gina sabo. Cinikin gyaɗa ne ya fara ɗaga alhazan Maraɗi. Da gyaɗa ta ja baya, sai suka koma fataucin kaya tsakaninsu da Katsina da Kano. Shi ya sa ake kiran ta cibiyar kasuwancin ƙasa. A mudun dukiya, Yamai kaɗai ke iya ja da ita.

Agadas tana can nesa, a bakin hamada. Masallacinta na laka, mai hasumiya mai tsawon mita 27, an gina shi tun farkon ƙarni na 16. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan gado na duniya. Maƙeranta sun yi suna wajen aikin azurfa, daga ƙasarta kuma ayari ke zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino. A cikin jiharta Arlit take, inda aka fara haƙo yuraniyom a 1971. Kuɗin wannan ma'adini sun gina benaye da yawa a Yamai cikin shekarun 1970. Ku riƙe wannan magana, za mu koma kanta.

Sai Tawa, babban birnin jiharmu, inda manomi Ba'adare yake haɗuwa da makiyayi Buzu da Bafillace a kasuwa ɗaya. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda ake bai wa zakaranta takobi. Samarin Adar sun shahara da tafiya neman kuɗi har Abijan, kuma gumin da suka yi can ya gina gidaje da shaguna da yawa a nan.

Yanzu ku duba abin da mudun nan biyu suka nuna. Yamai ta cika mudun dukiya, amma a tarihi ƙanwa ce ga Agadas da Damagaram. Agadas ta cika mudun al'ada har ya zuba, amma abincinta daga kudu ake kai mata. Maraɗi tana da ciniki, amma man da motocinta suke sha ba a cikinta ake tace shi ba. Babu birni ɗaya da ya cika mudu biyun shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga kuma abin da masu gardama suke mantawa: babban birni ba ya ciyar da kansa. Ba sai mun je nesa ba, mu duba ƙasarmu ta Illela da maƙwabtanta. A Malbaza ake ƙona dutse a yi siminti tun cikin shekarun 1960. Bene nawa ne a Yamai aka ɗora da wannan siminti? Albasar Galmi tana shiga tukunyar Yamai, tana kuma wucewa cikin manyan motoci har Gana da Kodibuwa. Shanu da tumaki da raƙuman kasuwar Badagishiri ana kora su kudu zuwa Najeriya. A Birnin Ƙonni ana noman rani da ruwan madatsun da aka yi bisa Maggiya. Ita Illela kanta mazaunin Sarkin Adar ce, sarautar da ta samo asali daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas, tun ƙarni na 17. Lokacin da ake naɗa sarki a Adar, ba a san za a yi birni mai suna Yamai ba.

Wanda yake shakkar darajar ƙaramin gari, ya tuna da abin da ya faru da iyakar Ƙonni. Ƴan kilomita kaɗan ne tsakanin Ƙonni da ɗaya Illelar, wadda ke cikin jihar Sakkwato ta Najeriya. An rufe wannan iyaka daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli na 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Motoci suka yi jerin gwano a bakin hanya, ciniki ya tsaya, kaya suka yi tsada. Wahalar ba ta tsaya ga mutanen Ƙonni ba, har masu ofis a Yamai sun ji ta a kasuwa. Ashe ƙofar gida, ko da ƙarama ce, in ta rufe, har mai ɗakin tsakiya yana jin zafi.

Saboda haka ra'ayina shi ne, bai kamata a tara kome da kome a gari ɗaya ba. Na san abin da wasu za su ce. Za su ce babban birni fuskar ƙasa ne, can baƙi suke sauka, dole a gyara shi. Gaskiya ne, ba wanda yake son a ga fuskarsa da datti. Amma mutum ba ya wanke fuska ya bar ƙafafunsa da kaushi, alhali su ne suke ɗauke da shi. Idan babban asibiti da babbar makaranta da aikin albashi duk suna Yamai, to, duk saurayi mai ƙarfi can zai nufa. Gona ta rasa mai noma, birni kuma ya cika da masu neman aikin da babu. Haka garin da ake haƙo arziki a ƙarƙashinsa zai zauna da hanya mai ramuka, kuɗin su tafi yin ado a wani wuri.

An fara gyara. Shekara da shekaru jami'ar gwamnati ɗaya ce tak a ƙasar, amma daga 2010 aka kafa wasu a Maraɗi da Damagaram da Tawa, daga baya sauran jihohi ma suka samu. Yaron Illela yana iya yin karatu mai zurfi ba tare da ya bar jiharsa ba. Abin da ya rage shi ne sana'a ta bi karatu. Albasar da ke ruɓewa bayan girbi tana bukatar rumbunan ajiya a Galmi. Fatun dabbobin Badagishiri suna bukatar wurin jima da ɗinki a kusa. Hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da kwalta suna bukatar gyara kafin damina.

Ku kuma, ƴan makaranta, ga naku aiki. Ku san garuruwan ƙasarku duka, ku je ku gan su in Allah ya ba ku iko. Amma kada ɗayanku ya ji kunyar cewa shi ɗan Illela ne, ko ɗan Malbaza, ko ɗan Tajaye. In aka tambaye ku wane birni ya fi girma, ku ce: a wane mudu? In kuma aka yi muku gorin benayen Yamai, ku tambaya daga ina aka kawo simintin.

Tambayoyi

1. Waɗanne mudu biyu ne aka auna birane da su?
2. A wace shekara aka mai da hedkwatar mulki daga Damagaram zuwa Yamai?
3. Faɗi abu uku da ƙasarmu ta Adar da Ƙonni take aika wa manyan birane.
4. Ka yarda da ra'ayin mai rubutu? Kawo dalilinka.
5. Tambayi wani dattijo na unguwarku abin da garinku yake sayarwa a dā, ka rubuta shi cikin layi biyar.