Idan Garkuwar Jiki Ta Juya Wa Mai Ita Baya

A wannan makon za mu duba wani al'amari da ke bayan cututtuka da dama da muke fama da su a gidajenmu, waɗanda sau da yawa akan ɗora wa sanyi, ko sammu, ko iska, har lokacin magani ya ƙure.

Mai karatu, a cikin jininka akwai wasu ƙananan sinadarai da likitoci ke kira antibodi. Fararen ƙwayoyin jini ne ke ƙera su, kuma aikinsu shi ne su gane baƙo, su maƙale masa, su nuna shi ga sauran dakarun jiki domin a hallaka shi. Kowane antibodi da irin baƙon da ya sani, kamar yadda kowane kwaɗo yake da makullinsa. Wannan ne ya sa yaron da ya yi ƙyanda sau ɗaya, ko aka yi masa allurar rigakafinta, ba kasafai take sake kama shi ba.

To amma wani lokaci akan samu kuskure. Jiki yakan ƙera antibodin da ke kallon naman jikin mai shi a matsayin baƙo, ya far masa. Irin wannan shi ake kira otoantibodi, wato antibodi mai yaƙar gida. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma haka abin yake a nan, domin ɓarnar daga ciki take fitowa. Cututtukan da ke tasowa idan garkuwar jiki ta juya haka sun haura 80, kuma mata sun fi maza kamuwa da mafi yawansu.

A farkon ƙarni na 20, shahararren masanin nan na Jamus, Paul Ehrlich, yana ganin jiki na da hanyoyin da ke hana shi cutar da kansa. Sai a hankali bincike ya nuna cewa hanyoyin kan gaza. A 1956 wasu masana biyu a Landan, Ivan Roitt da Deborah Doniach, suka gano antibodin da ke yaƙar tayirod, wato ƙullutun nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Daga nan aka ci gaba da gano ire-irensa a cututtuka daban-daban. Bari mu ɗauki waɗanda suka fi shafar iyali.

Ciwon maƙogwaron yaro da zuciyarsa

Yawancin ciwon maƙogwaro na yara mura ce, takan wuce da kanta. Amma akwai wanda ƙwayar bakteriya mai suna sitireb ke haddasawa, musamman ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Alamominsa su ne zazzaɓi, zafi wurin haɗiya, farin ruwa ko mugunya a can cikin maƙogwaro, da kaluluwa a wuya, galibi ba tare da tari ko yoyon hanci ba.

Wani ɓangare na jikin wannan ƙwayar cuta ya yi kama da naman zuciyar mutum. Saboda haka antibodin da jiki ya ƙera don yaƙarta yakan rikice ya kai hari ga zuciya da gaɓoɓi. Bayan mako biyu zuwa uku da warkewar maƙogwaron, sai yaro ya tashi da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi mai yawo, yau gwiwa, gobe idon sawu ko gwiwar hannu. Ciwon gaɓoɓin yakan tafi, amma idan abin ya yi ta maimaituwa, ƙofofin cikin zuciya sukan yi tabo, su ƙanƙance ko su riƙa yoyo. Wata yarinyar ba za a gane ba sai ta yi aure ta ɗauki ciki, numfashi ya fara gagarar ta.

Abin takaicin shi ne maganin farko ba shi da tsada. Allurar penisilin guda ɗaya, ko shan amoksisilin na kwana 10 cur bisa umarnin likita, yana iya tare wannan hanya tun daga bakinta. Don haka uwa, idan kin ga waɗannan alamomi, ki kai yaro asibiti. Kai shi wurin wanzami a cire hakin wuya ba ya kashe ƙwayar cutar, sai dai ƙarin rauni da zubar jini. Yaron da abin ya riga ya taɓa zuciyarsa kuwa, akan ɗora shi a kan allurar penisilin duk bayan mako uku ko huɗu na tsawon shekaru, kuma tsallake ta haɗari ne.

Yawan ɓarin ciki

Ɓari yana da dalilai masu yawa, kuma mafi yawansu ba su da alaƙa da garkuwar jiki. Amma akwai wani rukunin otoantibodi da ke sa jini saurin daskarewa, wanda likitan Ingila Graham Hughes ya yi bayanin cutarsa a 1983. Likitoci na taƙaita sunan cutar da APS. Idan mace na ɗauke da shi, yakan hana mabiyiya kafuwa da kyau, ƙananan jijiyoyinta su toshe, abinci da iska su daina isa ga jariri.

'Yar'uwa, idan kin yi ɓari sau uku a jere kafin ciki ya kai mako 10, ko ɗa ya taɓa mutuwa a cikinki bayan ya wuce haka ba tare da an san dalili ba, ko an taɓa ciro miki bakwaini saboda hawan jini mai tsanani, ko jini ya taɓa daskare miki a ƙafa, ki roƙi likitan mata ya duba wannan. Gwajin jini ne, kuma sai an yi shi sau biyu da tazarar aƙalla mako 12 kafin a tabbatar. Idan ya tabbata, akan haɗa ƙaramin asfirin da allurar hefarin a tsawon goyon cikin, kuma mata da yawa sun rungumi 'ya'yansu ta wannan hanya. Kada dai ki sayi asfirin da kanki ki fara sha. Maigida kuma, kafin a zargi kishiya ko a fara maganar saki, a kai ta a gwada jinin.

Lufus, amosanin gaɓoɓi da maƙoƙo

Lufus cuta ce da otoantibodi ke taɓa sassa da yawa lokaci guda: fata, gaɓoɓi, jini da ƙoda. Cikin kowane mutum 10 masu ita, kusan 9 mata ne, yawanci a shekarun haihuwa, kuma ta fi tsanani ga baƙar fata. Takan zo da gajiya, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, zubewar gashi, gyambon baki, da ƙuraje a kumatu da karan hanci da ke tsananta idan an shiga rana. A ƙasarmu, mai irin wannan zazzaɓi takan sha maganin maleriya da taifot sau da dama kafin wani ya yi tunanin lufus. Kumburin fuska ko ƙafa da fitsari mai kumfa alama ce ta cewa ƙoda ta fara taɓuwa, kuma wannan ba abin jira ba ne.

Akwai kuma amosanin gaɓoɓi irin na garkuwar jiki, wanda ke kama ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu na dama da hagu tare, da sandarewar safiya da kan kai awa guda. Idan aka bar shi a matsayin sanyi ana ta shafe-shafe, yatsu sukan karkace, kuma abin da ya karkace ba ya komawa daidai.

Maƙoƙo ma ba kullum ne rashin sinadarin ayodin ke kawo shi ba. Wani otoantibodin yakan zaburar da tayirod ta yi aiki fiye da kima, sai mutum ya riƙa ramewa alhali yana cin abinci sosai, ga faɗuwar gaba, gumi, rawar hannu da fitowar idanu. Wani kuma yakan lalata ta a hankali, sai a ga kasala, jin sanyi da ƙiba.

Takardar gwaji ba ita ce hukunci ba

A nan sai an yi hattara. Gwajin da ake kira ANA yakan nuna alama ga fiye da kashi 95 cikin 100 na masu lufus, amma yakan nuna ga mutane masu ƙoshin lafiya ma, musamman tsofaffi. Haka gwajin RF na amosanin gaɓoɓi yakan nuna ga mai ciwon hanta ko tarin fuka, shi ya sa likitoci kan ƙara da na anti-CCP wanda ya fi shi tantancewa. Saboda haka kada ka je ɗakin gwaji da kanka, ka karɓo takarda, ka yanke wa kanka hukunci. Likita ne zai haɗa sakamakon da alamomin da ke jikinka. Manyan asibitocin koyarwa irin na Legas, Ibadan, Zariya da Kano su ne inda aka fi samun ƙwararru a wannan fanni, kuma likitan da ke kusa da kai zai iya rubuta maka takardar zuwa can.

Game da magani

Yawancin waɗannan cututtuka lallaɓa su ake yi tsawon rayuwa, kamar hawan jini da ciwon suga. Ba a ɗaukar su ta cuɗanya, don haka babu dalilin ware wa mai su kwano ko ɗaki. Masu lufus akan ba su haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan tsohon maganin maleriya, tare da duba idanu lokaci-lokaci. Masu amosanin gaɓoɓi kuma akan ba su metotireksit, wanda sau ɗaya ake sha a mako, kuma haramun ne ga mai ciki ko mai shirin ɗauka.

Babban gargaɗina shi ne a kan firedinisolon da deksametason da ake saye a kemis ba takarda. Suna kwantar da ciwo nan take, shi ya sa mutane ke manne musu. Amma daɗewa ana shan su ba kulawar likita yana jawo ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi da saurin kamuwa da cututtuka. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan na iya jefa shi cikin mummunan hali. Ya je likita ya rage masa sannu a hankali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.