Wasiƙa Zuwa Ga Masu Rubuta Dosiyen Neman Tallafi a Mango, Dapaong da Sokode

 

Yabonku ba ya buƙatar dogon bayani. Kun iya Faransanci, kun iya kwamfuta, kuna zana jadawalin kuɗi cikin awa guda, abin da mu a da muke kwana muna yi da biro da rula. Akwai injin niƙa da ke kuka yau a wasu ƙauyukan bakin kogin Oti saboda takardar da ɗayanku ya rubuta. Allah ya saka da alheri.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanan baya wata dattijuwa, shugabar matan da ke yin man kaɗe a unguwarmu, ta kawo mini dosiye a cikin leda, ta ce in duba kafin a tura. Jika ashirin ta biya aka rubuta musu. Na sa tabarau. Shafin farko lafiya lau, ga sunan ƙungiyarsu, ga Mango. A shafi na shida sai na ga an ce aikin zai amfani matan gundumar Tchaoudjo. Tchaoudjo ai Sokode ke nan, mu kuwa a Oti muke. Can gaba kuma sai ga zancen gonakin kashu. Na ɗaga kai na ce, "Hajiya, buhu nawa na kashu kuka sayar bana?" Ta yi dariya har da rufe baki da gyale, ta zaci wasa nake. Ba ta san abin da aka rubuta da sunanta ba. An cire sunan wasu ne aka liƙa nasu, kuma ko gogewar ba a ƙarasa ba.

Wanda ya yi wannan aika-aika ya san kansa. Amma ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa nake magana da ku duka.

Kun manta cewa gasa ce? Shekarar da Gidauniyar Tony Elumelu ta fara shirinta, 2015, mutum sama da 20,000 suka nema, aka ɗauki 1,000. Yau masu neman dala 5,000 ɗin nan sun ninka haka sau da yawa, daga ƙasashen Afirka 54. Mai tantancewa yana da tari a gabansa, kuma ya ga sakin layin nan naku na "talauci ya yi wa mata katutu" sau ɗari kafin azahar. Talauci ba labari ba ne a wurinsa. Shi abin da yake lalube a takardar sana'ar taimakon al'umma ɗan kaɗan ne: wa ke sayen kayan, nawa yake biya, nawa aka kashe kafin kayan su kai hannunsa, ribar ina take zuwa, kuma ranar da kuɗin tallafi ya ƙare da me za a tada injin.

Duk waɗannan amsoshi suna bakin dattijuwar nan. Na tambaye ta, ta zayyana mini kuɗin kwanon ƙwarar kaɗanya lokacin da ta yi araha da lokacin da ta yi tsada, itacen da ake ƙonawa, ruwan da ake saye, kuɗin niƙa, ladan mai mota zuwa kasuwar Sinkase, da asarar da zafin bazara ke jawowa idan mai ya narke a hanya. Har ta gaya mini dillalin da ke karya musu farashi don ya san ba su da wurin ajiya. Wannan shi ne dosiyen! Rumbun ajiya suke buƙata da mazubi mai murfi. A takardar kuwa an nema musu kwamfuta biyu da taron bita a otal.

Nan ne laifi na biyu yake, kuma ya fi na farko ci mini rai. Kuna yanka sana'ar mutane ku ɗinka ta daidai jikin sanarwar mai ba da kuɗi. Tun daga 2022, shekarar da aka kai harin Kpekpakandi a watan Mayu, aka sa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes, gwamnati ta kafa shirin gaggawa na PURS, Bankin Duniya kuma ya ware dala miliyan 450 don arewacin Togo da Benin da Gana da Kodebuwa, kowace takarda ta koma zancen zaman tare da juriyar al'umma. Mai kiwon zabi ya zama mai sasanta rikici, mai gyaran babur ya zama mai yaƙi da sauyin yanayi. Idan Allah ya sa aka ci gasar, sai mai sana'a ya bar sana'arsa yana neman hotuna da rasit na aikin da bai taɓa sani ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Ku kun karɓi kasonku kun yi gaba, shi ne zai tsaya gaban masu bincike.

Wannan sana'a tamu ba jiya aka fara ta ba. Garin nan namu na Mango da ake kira Sansanne, wato sansani, zango ne na fataken da ke ɗauko goro daga Gwanja zuwa Kano da Sakkwato, kuma ayari ba ya tashi sai da malaminsa a gefen madugu, mai rubuta wasiƙa da riƙe lissafi. Imam Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi guda a kan ilimin rubuta wasiƙa. Mutanen nan sun ɗauki rubutu da sunan wani a matsayin amana. Ni ma na tarar da ragowar wannan tarbiyya. Maigidana da ya koya mini aiki a ƙofar gidan waya, idan ya gama wasiƙa sai ya karanta wa mai ita da Hausa ko Anufo, kalma bayan kalma, ya ce, "Haka ka ce?" Sai an amsa sannan ya liƙe ambulan. Wata rana na ƙara wa wani tsoho gaisuwar da bai faɗa ba don wasiƙar ta yi daɗi, ya yaga ta a gabana, ya cire kuɗin takardar daga ladana. Na yi fushi har kwana uku. Yau kuwa na ji har inji kuke sawa ya rubuta muku, ku buga, ku miƙa wa matar da ba ta karatu ta dangwala yatsa. Haba jama'a!

Ku yi mini afuwa, tsufa ne. Na san ku ma da iyali, kuma ba na cewa ku yi aikin banza. Ku yanke ladanku a fili tun farko, kada ku ɓoye shi cikin kasafin da sunan horaswa. Kowa ya ci ladan kuturu dai dole ya yi masa aski, askin nan kuwa ya haɗa da rahoton wata shida da na ƙarshen aiki.

Sauran abubuwan kun fi ni saninsu. Dokar OHADA ta ƙungiyoyin gama-kai, wadda aka sa wa hannu a Lome a Disambar 2010, ta yarda mutum biyar su yi rajistar ƙaramar ƙungiya, don haka babu dalilin ƙirƙiro sunaye ɗari biyu. A yi rajista da wuri, a buɗe asusu da sunan ƙungiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuma abin da ake buƙata ɗan jari ne, ku faɗa wa mutane gaskiya: adashi ko rancen asusun gwamnati na FNFI zai iya fi musu gasar da za su shekara suna jira.

Dosiyen dattijuwar nan mun sake shi, ya dawo shafi tara, rabinsa lissafi ne daga littafin da jikarta ke rubuta musu ciniki. Sakamako bai fito ba tukuna. Duk wanda ke son mu duba nasa tare, ina nan ƙofar gida bayan la'asar. Ya zo da mai sana'ar, ya zo da littafin cinikinta.

Wassalam,
Naku, tsohon marubucin wasiƙa a Mango.